Rigunan da Suka Kwana Arba'in a Sito

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin gwamnati, akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba: wata Laraba da na tsaya a filin wata makarantar firamare a Argungu, na sa almakashi na yanke igiyar ƙullin kaya ba da izinin kowa ba. Ku da kuka same ni na tsufa kuna cewa Malama Kulu ba ta faɗa. Ina faɗa. Tunda kun nemi in yi muku magana kafin ku fara ɗinkin marayun bana, wannan labarin zan ba ku.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, zamanin soja. Birnin Kebbi ofishin shiyya kawai gare ta, duk wata takarda mai nauyi sai ta je Sakkwato ta dawo. Ni malamar ɗinki ce a cibiyar koyar da mata sana'a, ina mataki na biyar. Shugabar cibiyar ta tafi hutun haihuwa, don haka ni ke riƙe da wurin. Sama da ni akwai jami'in shiyya, Malam Sahabi, shi kuma hedikwata yake amsa wa. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, ƙaramin ma'aikaci ba ya magana da hedikwata kai tsaye. Abin da kake so sai ka rubuta cikin fayil, masinja ya kai teburin na gaba da kai, shi kuma ya rubuta amsa a ƙasan naka. In ya ga dama ya tura gaba, in bai ga dama ba fayil ya kwanta.

A shekarar damina ta yi ƙarfi. Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya cinye shinkafar fadama, ya shiga wasu tungaye uku, wato ƙananan ƙauyuka, a bayan Augie. Ɗakunan laka suka zube, mutane suka gudu kan tudu da abin da hannu ya iya ɗauka. Aka haɗa ayarin duba ɓarna, aka sa ni ciki saboda ana bukatar mace da za ta shiga wurin mata.

Mazan ayarin suna ta duba rumbuna da gonaki. Ni abin da idona ya gani tufafi ne, wato rashinsu. Ruwa ya tafi da akwatuna da adudai. Uwa zane ɗaya gare ta, shi za ta ɗaura, shi za ta goya, shi za ta lulluɓa wa yara in sun kwanta a ƙasa mai danshi. Ƙananan yara tsirara, sauro ya yi musu kaca-kaca. Waɗanda suka ɗan tasa an huda musu buhun taki sun zura kai. Na ga 'yan mata 'yan shekara tara suna laɓewa bayan zana don kada maza su gan su.

A can na haɗu da Inna Dije, tsohuwar ungozomar ɗaya daga cikin tungayen, tana riƙe da jikarta Hassi, 'yar shekara bakwai, wadda take ta tari. Tela ba ya rabuwa da tef, nawa yana cikin jaka. Na ciro shi na fara auna yara. Kwana biyu ina yi, ina rubuta sunan yaro da na ubansa da tungarsu, tsawo, kafaɗa, ƙugu, a cikin littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Yara ɗari da ɗoriya na auna. Da na zo kan Hassi sai ta ɗago kai ta ce, “Malama, tawa da aljihu?”

Na ce, “Me za ki sa a ciki?”

Ta ce, “Gujiya.”

Aka yi dariya, amma Inna Dije ba ta yi ba. Ta kama hannuna ta ce, “Malama, kada ki auna ɗiyanga ki tahi ki mance. An sha rubuta sunanmu.”

Na ce mata, “Inna, in Allah ya yarda kafin sati biyu za ki gan ni.” Da bakina na faɗa, gaban mutane.

Da na dawo na rubuta cikin fayil cewa ina neman izinin yin gayyar ɗinki a zauren cibiya. Malam Sahabi ya amsa cewa babu laifi, amma in sani ofis ba shi da ko zare ɗaya da zai bayar. Na ce na ji.

Na tafi unguwar Nasarawa wurin Baba Manu, dattijon tela wanda duk telolin layin suke jin maganarsa. Na buɗe masa littafin. Ya daɗe yana juya shafuka, yana bin lambobin da yatsa, sannan ya ce, “Wanga awon ya yi. Yaushe za mu soma?” Daga nan na shiga kasuwa wurin Iya Bose, Bayarbiya mai sayar da yadi, wadda ta zauna Birnin Kebbi tun ina yarinya, Hausarta har da karin magana. Ban gama bayani ba ta sauko da bandir biyu na yadi, ta tattaro ragowar atamfa, ta ɗaura gyale ta bi rumfunan 'yan'uwanta 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba shi da yadi ya ba da zare, wani maɓalli, wani zariya. Ɗalibaina matan unguwar Badariya suka nemi izinin mazajensu.

Ranar Juma'a da safe aka fara kawo kekunan ɗinki a kan amalanke. Keke goma sha huɗu muka jera, maza a baranda, mata a cikin zaure. Ku lura, mutanen nan rufe shagunansu suka yi kwana uku, kuma tela abin da ya ɗinka yau shi iyalinsa za su ci gobe. Babu wanda ya tambayi me za a ba shi.

Muka raba aikin. Baba Manu da wasu biyu suna teburin yanka, ina karanto awo suna zanawa da alli suna yankawa. Daga nan kaya su wuce kan keke, daga keke zuwa wurin masu sa maɓalli da zura zariya, daga nan zuwa masu guga da dutsen gawayi. Ni ce ta ƙarshe. Kowace riga sai na ɗinka ɗan farin ƙyalle a cikin wuyanta mai ɗauke da sunan mai ita. Maza taguwa da wando, mata riga da buje da ɗankwali. Ƙarar kekuna har bakin titi ake ji. Matan unguwa suka riƙa aiko da tuwon shinkafa da fura ba wanda ya roƙe su.

Ran Asabar wani tela, magidanci ne ma, ya miƙo taguwa da ɗinkin hannunta a karkace. Baba Manu ya ɗaga ta ya duba ya ce, “Don na sadaka ne za ka yi shi haka? Da ɗan alhaji ne ka miƙa mai wanga? Farke.” Mutumin ya farke ya sake. Da muka zo kan rigar Hassi na gaya wa Baba Manu abin da ta ce. Ya karɓi yadin da kansa, wata atamfa mai ruwan ganye, ya yi mata aljihu biyu.

Ran Lahadi bayan la'asar muka gama. Muka ɗaure kayan ƙulli uku, kowace tunga da nata. A lokacin ne motar ofis ta tsaya, Malam Sahabi ya fito. Tun da aka fara bai leƙo ba sai ranar. Ya zagaya ƙullin, ya zaro riga ɗaya ya duba, fuskarsa ta washe.

Ya ce, “Kai, aiki ya yi kyau. Malama Kulu, a shigar da su sito.”

Baba Manu ya ce, “Ranka shi daɗe, mu munka ɗunka, bari mu kai. Gobe da sahe akwai motar Argungu, daga can mu nemi jirgin ruwa.”

Malam Sahabi ya ce, “Baba, ba haka ake yi ba. An yi aikin nan a harabar gwamnati, da sunan ofis. Dole a sanar da hedikwata. Abu irin wannan babban baƙo ne zai zo daga Sakkwato ya raba da hannunsa. Sati ɗaya ne kawai.”

Baba Manu ya juyo ya kalle ni. Duk telolin ni suke kallo, domin ni na kira su. Nan ne na yi kuskuren da har yau ban yafe wa kaina ba. Na ce, “Baba, a bi ƙa'ida. Sati ɗaya ba yawa.” Na sa hannu a takardar shigar da kaya.

Ga yadda sito yake. Duk abin da ya shiga, ya zama kayan gwamnati, ko da kai ka saya da guminka. Ba ya fita sai da takardar fitarwa mai sa hannun jami'in shiyya. Mai kula da sito ko ubansa ne ya zo ba zai buɗe ba sai ya ga takardar nan. Na san wannan sarai lokacin da na sa hannu. Tsoro ne ya sa ni, da son a ce ni ma'aikaciya ce mai bin doka.

Sati ya wuce shiru. Na rubuta cikin fayil ina tunatarwa. Fayil ya dawo da kalma biyu: “A jira.” Sati na biyu na sake rubutawa, na ce yaran nan suna kwana a ƙasa mai danshi ba sutura. Ya dawo: “An gani. A jira.” Aka ce baƙon ya yi tafiya. Aka ce ya dawo amma yana da taro. Aka ce ana raɗe-raɗin canza manya, kowa yana tsaron kujerarsa. A sati na huɗu na bar fayil na tafi ofishinsa da ƙafata.

Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni ƙulli biyu in kai, a bar ɗaya don bikin.”

Ya ce, “In baƙo ya zo ya ga ƙulli ɗaya, me zan ce masa? Na riga na rubuta masa yawan kayan.”

Na ce, “Yaran suna tsirara.”

Bai ko ɗago kai daga takardar da yake karantawa ba. Ya ce, “Malama Kulu, 'ya'yan ƙauye ne. Da can ma da wace rigar suke yawo?”

Wallahi da ba don tarbiyya ba, da tawadar da ke kan teburinsa ta hau babbar rigarsa. Na juya na fito.

Shiga kasuwa ya zame mini azaba. Iya Bose ta tare ni gaban rumfarta, mutane suna ji, ta ce, “Kulu, yadina yana ina? Ni ban ba gwamnati yadi ba, yara na ba. In kun sayar ku faɗa mana mu sani.” Na rantse mata kayan suna sito. Ta ce, “Sito yana jin sanyi ne da kuka sa masa riga?” Baba Manu kuwa bai taɓa yi mini gori ba. In na gaishe shi sai ya amsa ya ci gaba da taka kekensa. Wannan shirun ya fi zagin Iya Bose ciwo.

Sai da kayan suka kusa kwana arba'in sannan aka sa rana. Ran Litinin Malam Sahabi ya kira ni ya ba ni umarni uku. Na ɗaya, za a yi bikin a cikin garin Argungu ran Laraba, saboda motar baƙo ba za ta iya hanyar tungayen ba. Na biyu, za a ɗebo yara talatin a babbar mota su wakilci sauran. Na uku, in cire sunayen da ke wuyan rigunan, domin kiran suna zai ɓata lokaci, baƙon minti ashirin kawai gare shi, duk wanda aka miƙa wa riga ya karɓa. Na ce to. Ban cire ko ɗaya ba.

Da aka kawo takardar fitarwa mai sito ya buɗe ƙofa, wani wari ya buge mu. Ashe rufin yana yoyo. Ƙullin da ke ƙasa ya sha ruwa, ya yi hunhuna baƙi ƙirin, gara ta shiga ta gefe. Da na kwance, riguna kusan ashirin suna yagewa a hannuna kamar takarda. Mai siton ya ce ya rubuta maganar yoyon tun bara, aka ce ya jira.

Na kwashi ruɓaɓɓun na kai wa Baba Manu, don ban san inda zan kai su ba. Ya ɗaga ɗaya, wadda shi ya yanka da hannunsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Littahin awon yana nan?” Na ce yana nan. Ya aika wa Iya Bose. Ta zo da kanta da yadi a kai, ba ta ko kalle ni ba. Teloli huɗu suka sake rufe shago ran Talata, kafin magariba an maye gurbin duk waɗanda suka lalace. Baba Manu ya ce, “Gobe da mu za a tahi. Ba mu sake barin kayanga su ɓace muna da gani.”

Ran Laraba da hantsi muka isa Argungu, ni da Baba Manu da Iya Bose da mata uku cikin ɗalibaina. An kafa rumfa, an jera kujeru masu laushi, ga akwatunan lemo a inuwa, ga mai ɗaukar hoto, ga makaɗa. A tsakiyar fili kuwa, cikin rana, an jera yaran a layi biyu. Tun da sassafe aka kawo su. Wasu da buhun takin nan, wasu da ɗan tsumma a ƙugu. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne tarin 'yan riguna da na gani a gefe a ƙasa.

Na tambayi wata mata na mene ne. Ta ce ai da aka ce za a zo birni gaban manya, iyaye sun bi tungayen da ruwa bai ci ba sun aro wa 'ya'yansu riguna, don kada su zo a wulaƙance. Da suka sauka daga mota sai akawun ofis ya ce oga ya ce a tuɓe, baƙo ya ga halin da ake ciki da idonsa.

An ce baƙo zai zo ƙarfe goma. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi. Yaro in ya tsuguna sai a daka masa tsawa ya miƙe, kada layi ya ɓaci. Wata yarinya da ta fara girma ta rungume ƙirjinta da hannu biyu, kanta a ƙasa, makaɗa da direbobi suna zaune suna kallo.

Ana kiran sallar azahar sai ga Inna Dije ta ratso mutane ta zo inda nake. Kunya ta sa na kasa haɗa ido da ita. Na duba layin 'yan mata ban ga jikarta ba. Na ce, “Inna, ina Hassi? Ba a zo da ita ba?”

Ta ce, “Hassi yau kwananta tara da rasuwa. Tarin nan ne, da masassara.”

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ta ce, “Ban ce riga na hana ajali ba, Malama. Kwananta ne sunka ƙare. Amma kullum in ta ga jirgi ya nuho tudu sai ta tashi ta ce ga Malama nan da rigata.”

Ni ma ba zan ce muku riga za ta raya ta ba, wannan sanin Allah ne. Abin da na sani, rigarta tana ɗaure a sito kwana talatin tana da rai, ni kuma ina rubuta fayil.

Almakashina yana cikin jaka. Ban yi shawara da kowa ba. Na je na yanke igiyar ƙullin farko. Baba Manu kamar jira yake, ya miƙe ya karɓi littafin ya fara kiran suna da ƙarfi. Iya Bose ta kwance gyalenta, ɗalibaina suka kwance nasu, suka kama gefe-gefe suka yi wa 'yan mata labule. Yaro ya ji sunansa ya fito, in duba wuyan riga in miƙa masa, uwarsa ta sa masa. Kowa tasa ta zauna masa daidai, kafaɗa a kafaɗa.

Mun yi rabi sai ga Malam Sahabi ya taho da sauri daga masallaci, yana tattare babbar riga.

Ya ce, “Malama Kulu! Kin san abin da kike yi? Wa ya ba ki izini?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, wa ya ba ka izinin tuɓe 'ya'yan mutane a rana?”

Ya ce, “Kayan gwamnati ne! Ki tsaya yanzun nan, ko ki yi ban kwana da aikinki.”

Baba Manu ya rufe littafin a kan yatsansa, ya matso a hankali. Ya ce, “Ranka shi daɗe, cikin kayanga ina zarenka? Ko ɗaya ne nuna man, in farke in ba ka abinka, mu ci gaba da namu.”

Makaɗa ma sun ajiye ganguna. Malam Sahabi ya duba hagu ya duba dama, ya ga iyayen yaran sun taso sun kewaye mu, kallonsa kawai suke yi. Ya nuna ni da yatsa ya ce, “Za ki gani.” Ya koma rumfa. Baba Manu ya buɗe littafin ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Da muka gama na zaro rigar Hassi na kai wa Inna Dije. Ta juya ta, ta zura yatsu cikin aljihun ta ce, “Har biyu anka yi mata.” Sannan ta yafito wata yarinya da ba ta cikin littafina, saboda ranar da na yi awo an kai ta wurin dangi. Ta sa mata da hannunta, ta ɗaura mata ɗankwalin. Muka kwashe yaran duka muka zaunar da su a inuwa, Iya Bose ta buɗe akwatin lemon manya ta raba musu, ba wanda ya iya ce mata kanzil.

Baƙon bai iso ba sai bayan la'asar. Ya fito daga mota, ya ga yara tsaf cikin sababbin kaya, ya ce madalla. Ya yi jawabi, ya ɗora hannu a kan wani yaro aka ɗauki hoto, ya yaba wa jami'in shiyya bisa wannan hangen nesa, ya shiga mota ya tafi. Bai tambayi wa ya ɗinka ba. Bai ma san an yi wani rikici ba, kuma babu alamar ya damu da wa ya miƙa rigar. Ashe duk kwana arba'in ɗin nan ba shi ya ce a jira shi ba. Jami'in namu ne ya ga dama ya ajiye yara tsirara don ya samu abin nunawa.

Ragowar kayan ban bari sun koma motar ofis ba. Muka kwana gidan 'yar'uwar Baba Manu a Argungu, ran Alhamis wani masunci ya ɗauke mu a jirginsa kyauta, muka bi tungayen uku muka ba kowane yaro nasa a hannu.

Ran Litinin takardar tuhuma tana jirana a tebur. Takardar tuhuma ita ce wadda ake ba ma'aikaci ya kare kansa a rubuce cikin kwana ɗaya kafin a hukunta shi. Laifi uku aka jera mini: raba kayan gwamnati ba izini, rashin ladabi ga na gaba a bainar jama'a, da barin wurin aiki ran Alhamis. Na amsa da layi uku. Na ce duka na aikata, kayan sun isa hannun masu su, kuma nadamata ɗaya ce, da ban yi haka tun ranar Lahadin da aka gama ɗinki ba.

Aka sa mini gargaɗi a fayil, aka tsallake ni a ƙarin girma sau biyu, aka mayar da ni wata cibiya a ƙauye mai keke biyu, ɗaya ba shi da bel ɗin da ke juya shi. Malam Sahabi kuwa kafin shekara ta zagayo an ɗaga shi zuwa hedikwata. Telolin Nasarawa ba su fasa gayyar ba, duk shekara suna yi, amma a rumfar Baba Manu, kuma ba su sake yarda wani mai fayil ya matso kusa ba. Ni kaina sai da na shekara biyu kafin Iya Bose ta sake kirana 'yarta.

Bayan mun yi ritaya na haɗu da Malam Sahabi a layin tantance 'yan fansho. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya gane ni, ya yi fara'a ya ce, “Malama Kulu! Kin tuna gagarumin aikin nan da muka yi wa yaran ambaliya?” Da gaske yake, har cikin ransa haka ya ɗauka. Na amsa sallamarsa domin haƙƙin musulunci ne. Sauran maganar ban amsa ba.

Abin da na koya shi ne, a aikin taimako hannun da ya yi wahala daban, bakin da ke karɓar godiya daban, kuma sau da yawa na biyun shi ke riƙe da mabuɗi. An yi ƙa'ida don ta tsare kaya daga ɓarawo, amma na ga yadda ake tsare kaya da ita daga masu su. Teloli mutanen kirki ne, za su rufe shago su ba ku kwana uku, amma amana suka ba ku, kuma sau ɗaya ake cin ta. Don haka kafin ku yanka ƙyalle ɗaya, ku tsayar da wanda zai kai da ranar da zai kai. Duk wanda ya ce muku a jira, ku tambaye shi a gaban mutane: shi a ina zai yi jiran, yaron kuma a ina? Ɗinki ba ya ƙarewa a kan keke. Sai riga ta hau jikin mai ita sannan tela ya gama aiki.